HAWAN JININ IDO: RUWA NE YAKE HAWA, JINI KUMA YA KASA ISA

Gabatarwa

Mu ƙaddara wani magidanci ne a ƙasar Gwiwa, mai shekara hamsin da 'yan kai, manomi kuma mai ɗan kiwo. Idonsa garau yake, babu ja, babu kwantsa, babu ƙaiƙayi, bai kuma taɓa kwana da ciwonsa ba. Sai dai a 'yan shekarun nan iyalinsa sun lura yakan yi tuntuɓe da turmi ko kujera a tsakar gida, in kuwa yana bisa keke a hanyar Korayel ba ya ganin mai babur sai ya zo daf da shi. Amma in aka miƙo masa takardar kuɗi, nan take zai rarrabe ɗari biyar da dubu. Saboda haka kowa ya ɗauka tsufa ne kawai ya fara sallama.

Ranar da aka kai shi asibiti, likita ya haska idon ya auna, sa'an nan ya ce hawan jinin ido ne, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma saura kaɗan. Magidancin ya yi mamaki, ya ce ai ko a watan jiya an auna jininsa an ce lafiya lau yake, to ta ina jinin ido ya hau?

Tambayar nan tasa tana bisa hanya. Cutar da Turawa ke kira gilakoma, mu kuma muke ce mata hawan jinin ido, ba jini ne yake hawa a cikinta ba, wani ruwa ne na dabam. Duk da haka sunan bai faɗi ƙasa banza ba, domin masana sun gano cewa yadda jini ke isa bayan ido yana da hannu a ɓarnar da cutar ke yi. Wannan maƙala za ta bi sawun ruwan da jinin, don mai karatu ya ga inda suka haɗu.

Jijiyar gani

Kafin mu yi nisa, akwai wata kalma da ya kamata a warware. A Hausa, da hanyar da jini ke bi da zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa duk jijiya muke ce musu. A nan za mu kira ta farko magudanar jini, ta biyu kuma jijiya, don kada a ruɗe.

Ƙwayar ido ba ta wuce milimita 24 daga gaba zuwa baya ba. Haske yakan shiga ta gaba, ya ratsa madubin ido, ya sauka a kan wani tantani siriri da ya lulluɓe bangon baya daga ciki, wato tantanin gani. A nan ne ake juya haske ya zama saƙo. Saƙon yana bin wasu zarurruka ƙanana ainun, kimanin miliyan 1.2 a kowane ido, waɗanda ke taruwa wuri guda su zama igiya ɗaya ta fice ta bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan igiya ita ce jijiyar gani.

Ƙofar da zarurrukan ke fita ta cikinta, wadda ake kira kan jijiyar gani, ba ta fi ƙwayar gero girma ba. A ƙofar akwai wani shinge mai ɗaruruwan huji kamar rariyar tankaɗe, kuma ta cikin hujojin nan ne zarurrukan ke kurɗawa dami-dami. Wannan rariya ita ce wuri mafi rauni a bangon ido, a nan ne kuma gilakoma ke yin ta'adinta. Zaren da ya mutu ba ya sake tsirowa. Shi ya sa makantar yanar ido ake iya warkar da ita da tiyata, amma ganin da gilakoma ta ɗauke ba ya dawowa.

Ruwan da ke hawa

A sashen gaba na ido akwai wani ruwa garai-garai, wanda ba hawaye ba ne, domin shi a ciki yake ba ya fitowa waje. Wata tsoka da ke bayan baƙin ido ce ke tace shi daga jini dare da rana. Aikinsa ciyar da madubin ido da gilashin gaban ido, waɗanda ba su da magudanan jini, da kuma riƙe ƙwayar ido a cike kada ta lotsa. Abin da ido ke samarwa a yini da kwana bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma gwargwadon abin da ya shigo, gwargwadon abin da zai fita ta wata matata da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da gilashin gaba. Daga matatar sai ya zuba cikin wata kwata mai zagaye, wadda wani masani Bajamushe, Friedrich Schlemm, ya bayyana a 1830, daga nan ya koma cikin jini.

Idan matatar ta fara toshewa, ruwa na shigowa amma fitarsa ta ragu, sai ƙarfin matsi a cikin ido ya ƙaru, tamkar tayar keke da aka cika wa iska. Ana auna matsin ne da milimita na ma'aunin zaiba, wato irin awon da ake yi wa jini. A yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 da 21. Irin gilakomar da ta fi yawa a Afirka ta Yamma ita ce wadda matatar ke toshewa sannu a hankali cikin shekaru, ba ciwo ba ja. Gani yana fara zaizayewa daga gefe, tsakiya kuwa ita ce ta ƙarshen tafiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa magidancinmu ke gane kuɗi amma ba ya ganin turmi.

Hanyar jini zuwa ido

Ƙwayoyin halittar tantanin gani suna cikin mafiya cin iskar oksijin a jikin ɗan'adam, domin ba sa hutawa muddin ido na buɗe, kai har ma a cikin duhu. Jinin da ke ciyar da su yana tasowa daga zuciya, ya hau ta manyan magudanan nan biyu na wuya waɗanda mutum ke jin bugunsu in ya ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Bayan reshen ciki ya shiga ƙoƙon kai, sai ya fitar da wani ƙaramin reshe zuwa kwarmin ido. Shi kuma wannan ya rabu zuwa manyan hanyoyi biyu.

Hanya ta farko magudana ce guda ɗaya tilo, wadda ke huda jijiyar gani kimanin santimita 1 a bayan ido, ta bi ta tsakiyarta, ta ɓullo cikin ido ta bazu a fuskar tantanin gani kamar rassan bishiya. Hanya ta biyu ƙananan magudanai ne wajen 15 zuwa 20, masu huda bangon ido kewaye da jijiyar. Su ne ke cika wani shimfiɗaɗɗen bargo na magudanai da ke ƙarƙashin tantanin gani, wanda ke karɓar fiye da kashi 80 cikin 100 na dukan jinin da ke zuwa ido. Su ne kuma ke ciyar da rariyar nan da kan jijiyar gani, sau da yawa ta hanyar wani ɗan zobe na magudanai da ake kira da sunayen masana biyu na ƙarni na 18, Zinn da Haller.

Abin lura a nan shi ne, jinin da zai ciyar da kan jijiyar gani dole ne ya kutsa cikin wurin da yake a matse. Ƙarfin zuciya na tura shi ciki, matsin ruwan ido kuma na tokare shi.

Misali daga noman rani

Duk ɗalibin da ya taɓa taya mahaifinsa ban ruwa a fadama, ko a lambunan da ke kusa da madatsar ruwa ta Kazaure, ya san wannan ilmi ko da bai san sunansa ba. Injin ban ruwa na turo ruwa cikin tiyo zuwa kwamin tumatir. Abu uku ne ke iya hana ruwa isa. Na farko, wani ya taka tiyon. Na biyu, ƙarfin injin ya ragu. Na uku, tiyon ya tsufa, ya cushe ko ya ƙanƙance. Ko wanne ne ya faru, tumatir ɗin da ke ƙarshen layi shi ne zai fara yaushi.

To, injin shi ne zuciya, tiyo shi ne magudanar jini, ƙafar da ta taka tiyo ita ce matsin ruwan ido, tumatir kuma zarurrukan jijiyar gani. Abin da ya rage bayan an ɗebe ƙarfin takawa daga ƙarfin injin shi masana ke kira ƙarfin shigar jini cikin ido, kuma ana iya ƙiyasta shi da lissafin da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya yi.

Alal misali, mutum ne awon jininsa 120 bisa 80. A ɗebe 80 daga 120, saura 40. A raba 40 gida uku, a sami kimanin 13, a tara da 80, ya zama 93. Wannan shi ne matsakaicin ƙarfin jininsa a damtse. Da yake ido yana sama da zuciya in mutum na zaune ko tsaye, akan ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan adadi, wato 62. Idan matsin idonsa 15 ne, a ɗebe shi daga 62, saura 47. Wannan lafiyayyen ido ke nan.

Yanzu a bar jinin yadda yake, a ce matsin idon ya hau zuwa 35. Abin da zai rage 27 ne kacal. Sai kuma mu ɗauki wata mace mai ƙarancin ƙarfin jini, 90 bisa 60, wadda matsin idonta 20 ne, wato bai wuce ƙa'ida ba. Matsakaicin ƙarfin jininta 70, kashi biyu cikin ukunsa kimanin 47, a ɗebe 20, saura 27. Mai karatu zai ga cewa mutum biyun nan sun iso wuri ɗaya ta hanya dabam-dabam: shi an taka masa tiyo, ita kuwa injinta ne ba ƙarfi.

Sai dai jiki ya fi lambu dabara. Ƙananan magudanan ido suna iya buɗewa ko tsukewa da kansu, ta hanyar wasu sinadarai da bangonsu ke fitarwa, don jinin da ke isa ya zauna daidai ko da ƙarfin shigarsa ya ɗan sauya. Amma wannan dabara tana da iyaka, kuma tsufa da ciwon sukari da daɗaɗɗen hawan jini suna raunana ta.

Tsohuwar muhawara

A 1851 ne Hermann von Helmholtz na ƙasar Jamus ya bayyana na'urar leƙa cikin ido. Da ita ne likitoci suka fara ganin kan jijiyar gani a idon mai rai, suka kuma lura cewa a masu gilakoma tsakiyarsa yakan rafke ya yi zurfi kamar ƙoƙo. Nan da nan aka shiga tambayar dalili. A 1858 Heinrich Müller ya ce matsin ido ne ke danne zarurrukan har su mutu. A wannan shekara kuma Eduard Jaeger na birnin Biyana ya ce a'a, matsalar daga magudanan jini take. Tun kafin su, a 1857, Albrecht von Graefe ya riga ya ba da labarin idanun da ƙoƙonsu ya yi zurfi alhali ba a ji sun yi tauri ba.

Fiye da shekara 160 ke nan ana wannan muhawara, kowane ɓangare da hujjarsa. Masu ra'ayin matsi sun nuna cewa in matsi ya yi yawa rariyar takan lotsa baya, hujojinta su karkace su shaƙe zarurrukan da ke ratsa su. Masu ra'ayin jini kuwa suka ce, in matsi ne kaɗai, me ya sa wasu matsin idonsu ya haura 21 shekara da shekaru ba su sami lahani ba, wasu kuma nasu bai taɓa haurawa ba amma suna makancewa? A yau yawancin masana sun yarda cewa dalilan biyu tare suke aiki, sai dai a wani mutum wannan ya rinjaya, a wani kuma wancan.

Abin da bincike ya nuna

A birnin Baltimo na Amurka an duba idanun mutane fiye da 5,000 tsakanin 1985 da 1988. An tarar cewa gilakoma ta fi yawa a baƙar fata ninki uku zuwa huɗu a kan farar fata, tana kuma kama su da wuri. A rahoton da aka fitar a 1995, an ɗebe matsin ido daga lambar ƙasa ta awon jini, sai aka ga waɗanda abin da ya rage musu bai kai 30 ba sun fi waɗanda nasu ya kai 50 yawan cutar har ninki shida.

A tsibirin Babados, inda akasarin jama'a jikokin mutanen Afirka ta Yamma ne, binciken da aka fara a 1988 ya sami cutar a kimanin kashi 7 cikin 100 na baƙar fata 'yan shekara 40 zuwa 84. Aka ci gaba da bibiyar mutanen har shekara 9, aka kuma tarar cewa waɗanda ƙarfin shigar jini cikin idonsu ya yi ƙasa tun farko sun fi saurin kamuwa. A garin Tajimi na Japan kuwa, binciken 2000 zuwa 2001 ya nuna cewa kashi 92 cikin 100 na masu irin gilakomar nan mai tafiya sannu, matsin idonsu bai wuce 21 ba a lokacin da aka auna. Darasin da ke nan shi ne, awon matsi kaɗai bai isa a ce ido lafiya yake ba, sai an leƙa jijiyar.

Akwai kuma batun dare. A al'ada ƙarfin jinin mutum yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 in yana barci, alhali matsin ido yakan ɗan hau in an kwanta. Sohan Singh Hayreh, wani masani ɗan asalin Indiya da ya yi aiki a Jami'ar Ayowa ta Amurka, ya auna jinin majinyata dare da rana, ya kuma ba da rahoto a 1994 cewa waɗanda jininsu ke faɗuwa ƙwarai cikin dare, musamman masu shan maganin hawan jini, ganinsu ya fi saurin lalacewa. Shi kuma Josef Flammer na birnin Basel a Suwizalan ya jawo hankali ga wasu mutane, galibi mata marasa jiki, masu sanyin hannu da ƙafa da ƙarancin ƙarfin jini, waɗanda magudanansu ke tsukewa fiye da kima in sun ji sanyi ko damuwa. Haka nan an lura da alaƙa tsakanin cutar da ciwon ɓarin kai, da minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci, da kuma zubar jini mai yawa da mutum ya taɓa yi.

To ina matsayin hawan jini na jiki? Yakan ɗan ƙara matsin ido, amma kaɗan ne ƙwarai. Illarsa ta gaske ita ce, in ya daɗe yana sa ƙananan magudanai su yi kauri su ƙanƙance, wato tiyo ya cushe. Ke nan hawan jini da faɗuwarsa duka biyu ba alheri ba ne ga jijiyar gani.

Wanne ya riga wani?

A 1991 masana a Amurka suka fito da wata na'ura mai ɗaukar hoton tantanin gani hawa-hawa da haske, ba tare da an taɓa ido ba. Wajen 2015 aka fara sayar da ingantacciyarta, wadda ke zana taswirar magudanan da suka fi gashi siranta ta hanyar bin motsin ƙwayoyin jini. Hotunanta sun nuna ƙarara cewa a idon mai gilakoma magudanan da ke kewaye da kan jijiyar gani sun yi ƙaranci, kuma gwargwadon tsananin cutar, gwargwadon ƙarancinsu.

Sai dai ɗalibin kimiyya ya kamata ya yi hattara a nan. In ka iske kwami ya bushe, rariyar ruwansa kuma ta cike da ƙasa, ba za ka yanke hukunci nan take cewa rashin ruwa ne ya kashe shukar ba. Mai yiwuwa shukar ce ta mutu da wata cuta, mai lambu ya daina ba ta ruwa. Haka zaren jijiya in ya mutu ba ya bukatar jini, sai magudanar da ke ciyar da shi ta rufe. Ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ne ya haifi wani. Wannan tambaya tana cikin waɗanda ake ci gaba da bincike a kansu a jami'o'in duniya, ta hanyar bibiyar idanu tun kafin lahani ya bayyana.

Halin da ake ciki a ƙasarmu

Tsakanin 2005 da 2007 an gudanar da binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Nijeriya, inda aka duba mutane fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. An tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce ta zo ta farko da kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma ta bi mata da kimanin kashi 17. A nazarin da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka wallafa a 2015, an nuna cewa mutum 5 cikin kowane 100 na masu wannan shekaru suna da gilakoma, ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba.

Mu ɗora wannan awo na ƙasa a kan ƙauye guda, a ƙasar Gwiwa ko Roni ko Babura, mai mutum 400 da suka kai shekara 40. Lissafi zai ba mu masu cutar wajen 20, huɗu daga cikinsu sun makance, wanda ya san abin da ke damunsa kuwa bai wuce ɗaya ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma abubuwa biyu da muke jawo wa kanmu. Na farko, ɗiga maganin ƙaiƙayin ido mai sinadarin sitiroyid da ake saye a kemis ba da izinin likita ba, musamman ga yara lokacin hunturu da bazara. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma in aka daɗe ana sa shi yana toshe matatar ido a wasu mutane. Na biyu, aikin masu cire yana na gargajiya, waɗanda ke tura madubin ido ciki da tsinke, abin da kan jawo kumburi da hawan matsi.

Magani

Duk da abin da aka gano game da jini, hanya ɗaya ce har yanzu aka tabbatar tana rage gudun cutar, ita ce sauke matsin ido. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa ko a masu gilakomar da matsinsu bai wuce ƙa'ida ba, rage shi da kashi 30 cikin 100 yana jinkirta lalacewar gani. Wannan bai saɓa wa misalinmu ba: ɗage ƙafa daga kan tiyo yana ƙara ruwa ko da injin ba shi da ƙarfi.

Ana sauke matsin ta hanya uku. Akwai maganin ɗigawa, kamar timolol da aka fara amfani da shi a 1978, mai rage samar da ruwan, da latanoprost na 1996, mai ƙara fitarsa. Shi timolol yana ratsawa cikin jini ya rage bugun zuciya, kuma haɗari ne ga mai asma, saboda haka sai likita ya rubuta. Akwai hasken leza da ake haska matatar da shi. A wani gwaji da aka yi a yankin Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2021, leza ta riƙe matsin a kashi 61 cikin 100 na idanu bayan shekara ɗaya, timolol kuwa a kashi 31. Akwai kuma tiyata, wadda ake buɗe wa ruwan sabuwar mafita, irin wadda aka fara a Ingila a 1968. Babu ɗaya daga cikinsu da ke dawo da ganin da ya tafi. Aikinsu tsare abin da ya saura.

Mai gilakoma da ke shan maganin hawan jini kada ya kuskura ya daina ko ya sauya lokacin sha da kansa, domin shanyewar ɓarin jiki na jiran mai yin haka. Abin da ya dace shi ne ya sanar da likitan ido da likitan jini dukan magungunan da yake sha, su ne za su daidaita. A watan azumi ma kada a ajiye maganin ɗigawa, a nemi likita ya tsara lokutansa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Mutanen wannan yanki suna iya farawa daga babban asibitin Kazaure, daga nan a tura su gaba in da bukata. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ido na Makka. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Ga wani gwaji da za a iya yi a aji. A zana alamar tarawa a hagun farar takarda, a ɗiga baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan alamar tarawa, a riƙa matso da takardar a hankali. In ta kai kimanin tsawon rula ɗaya daga fuska, ɗigon zai ɓace. Hotonsa ya sauka ne a kan jijiyar gani, inda babu ƙwayoyin karɓar haske. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya gano haka a shekarun 1660. Abin mamakin shi ne ba a ganin rami a wurin, sai farar takarda, domin ƙwaƙwalwa ta cike gurbin. Haka take ɓoye wa mai gilakoma gurabun da cutar ta haƙa, ɗaya idon kuma na rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Bayan wannan, kowane ɗalibi ya tambaya a gida ko akwai wanda ya makance a dangi ba tare da idonsa ya yi fari ba. Cutar tana bin jini, kuma 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita sun fi sauran jama'a haɗari ninki da dama. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba masa ido ko da ba ya jin komai, mai tarihin cutar a gida kuwa ya fara tun kafin haka. A kuma tabbata an yi abu uku: awon matsi, leƙa jijiyar gani, da gwajin faɗin gani. Ciwon ido mai tsanani na farat ɗaya, tare da ja da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila, na gaggawa ne, kada a kwana da shi. Haka jaririn da idonsa ya cika girma, yana hawaye yana gudun haske.

Kammalawa

Mun ga cewa a hawan jinin ido ruwa ne yake hawa, jini kuma ya kasa isa inda ake bukatarsa, jijiyar gani ta shiga tsaka mai wuya tsakanin matsi da yunwa. Da magidancinmu na Gwiwa ya sami wanda ya kai shi awo shekara goma kafin ya fara tuntuɓe da turmi, da akwai kyakkyawan zaton har yau yana bisa kekensa. Hausawa na cewa ciwon ido sai haƙuri, amma wannan cuta ba ta zuwa da ciwo balle a yi haƙuri da ita. Ɗalibin da ya karanta wannan maƙala, in ya koma gida hutu, ya kama hannun mahaifinsa da mahaifiyarsa ya raka su a duba musu ido.